Mutuwar Fuju'a Ba Shaidar Kisa Ba Ce

Akwai wata magana da ba ta jira a rufe kabari. Tun ana ɗumama ruwan wankan gawa take fara zagaya tsakar gida cikin raɗa, kafin maza su dawo daga maƙabarta ta fito zaure, ranar sadakar uku kuwa ta riga ta zama abin da kowa ya sani. "Jiya fa tare muka yi sallar isha'i." "Ko ciwon kai bai yi ba." "Wannan mutuwa ba ta Allah da Annabi ba ce, an sa masa hannu." In mamacin mai mata biyu ne, ido ya koma kan wadda ta yi girki a daren. In ɗan kasuwa ne, a tuno abokin cinikin da suka yi sa-in-sa a kan bashi. In mai muƙami ne, a dubi wanda zai gaji kujerar. In jariri ne, dama akwai wata tsohuwa a unguwa da ake janye yara in ta doso.

Masu wannan magana iyayenmu ne da yayyenmu da abokanmu, mutanen da mutuwa ta fizge wa nasu ba sallama, zuciya kuma ta ƙi yarda a ce rashi mai girma haka ya zo babu wanda za a kama da laifi. Ina girmama baƙin cikinsu, kuma ba na raina hankalinsu. Amma ina ganin sun yi kuskure a wuri guda, kuskuren kuma yana cin rayuka: sun ɗauki saurin mutuwa a matsayin shaidar cewa kisa ne.

Sai na fara da ba su gaskiyarsu. Ana kashe mutane, hukuma kuma takan rufe. Ranar 9 ga Afrilun 1999 dogaran fada suka buɗe wa Shugaba Ibrahim Ba'are Mainasara wuta a filin jirgin saman Yamai, firaministan lokacin ya fito ya shaida wa 'yan Nijar cewa hatsari ne ya rutsa da shi, kundin tsarin mulkin da aka rubuta a wannan shekarar kuma ya yi wa masu hannu afuwa. A Najeriya an aika wa ɗan jarida Dele Giwa bam cikin ƙunshin wasiƙa a 1986, an harbe ministan shari'a Bola Ige a gidansa na Ibadan a 2001, an harbe Sheikh Ja'afar Mahmud Adam yana limancin sallar asuba a Ɗorayi a 2007, Allah ya jiƙansa, kuma har yau babu wanda kotu ta hukunta a kan ko ɗaya. Janar Shehu Musa 'Yar'aduwa ya cika a hannun gwamnati, yana ɗaure a Abakaliki, cikin Disambar 1997, tambayoyin da ake yi a kan mutuwarsa kuwa na halak ne. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Al'ummar da ta ga waɗannan abubuwa da idonta ba za a yi mamaki ba in ta zama mai saurin zargi.

Sai dai a lura da abin da ya haɗa su: harsashi a jiki, ɓaraguzan bam, ƙofar kurkuku. Kowanne yana da abin da za a kama a nuna. Abin da muke yi a unguwanninmu shi ne mu ari yaƙinin da ya dace da waɗannan, mu ɗora shi a kan magidancin da ya yanke jiki ya faɗi a banɗaki.

"Lafiyarsa ƙalau" ita ce ginshiƙin dukan zargin, don haka a nan ya kamata a tsaya. Wa ya auna? Abin da muke kira lafiya shi ne mutum yana cin tuwonsa, yana zuwa kasuwa, yana tsayuwa a sahu. Hawan jini ba ya hana ko ɗaya daga ciki. Yakan shekara goma ko ashirin a jiki shiru, yana ƙara wa naman zuciya kauri, yana taurara jijiyoyi, yana cin ƙoda a hankali, har ranar da wata jijiya za ta fashe a ƙwaƙwalwa ko gudan jini ya toshe wadda ke shayar da zuciya. Daga nan zuwa cikawa wani lokaci mintoci ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan rabin manyan da ke da hawan jini ba su san suna da shi ba, to ina ga ƙasar da namiji ba ya zuwa asibiti sai an ɗauke shi ranga-ranga? Ciwon siga ma yakan dusashe jijiyoyin jin zafi, har mutum ya samu bugun zuciya bai ji ciwon ƙirjin da zai sa ya yi kuka ba.

Hatta alamomin da masu wankan gawa ke fitowa suna ba da labari, suna da bayaninsu. Kumfa a baki takan fito ne in zuciya ta gaza, ruwa ya taru a huhu, haka nan ga wanda farfaɗiya ta kayar. Duhun da ake gani a bayan gawa jini ne da ya daina gudu ya kwanta a ɓangaren da ke ƙasa, kuma kowace gawa tana yin haka. Kumburin ciki a zafin watan Afrilu aikin ƙwayoyin da ke cikin hanji ne, waɗanda ba sa jiran komai in rai ya fita. Guba na iya kawo wasu daga waɗannan, gaskiya ne. Amma ido kaɗai ba ya bambancewa, ko idon likita ne.

Babu inda aka fi ganin wannan al'amari a fili kamar mutuwa biyun nan na 1998. Janar Sani Abacha ya rasu ranar 8 ga Yuni a fadar gwamnati da ke Abuja yana da shekara 54, aka ce bugun zuciya ne, aka kai shi Kano aka binne a ranar ba tare da binciken gawa ba. Tun daga nan labarai suke hayayyafa. Aka yi na cewa tuffa mai guba aka ba shi, wanda ya zagaya duniya. Shekaru bayan haka babban dogarinsa, Manjo Hamza Al-Mustapha, ya musanta shi, ya kawo nasa na musafaha da wani baƙo a filin jirgi. Masoyansa suna da nasu, maƙiyansa suna da nasu, kuma babu wanda zai iya tabbatar da nasa ko ya rushe na wani, domin amsar tana ƙarƙashin ƙasa tun ranar farko.

Wata guda bayan haka, ranar 7 ga Yuli, Cif Moshood Abiola ya fara tari da numfashi sama-sama yana tsakiyar ganawa da wakilan Amurka, Thomas Pickering da Susan Rice, bayan an ba shi shayi. Bai kai dare ba. Duk wanda ya ji wannan labari a ranar ya ce biri ya yi kama da mutum, kuma ba na ganin laifinsa: mutum yana tsare shekara huɗu, ana gab da sakinsa, ya sha shayi ya mutu. Amma a nan an yi abin da ba a yi wa Abacha ba. An gayyato likitocin binciken gawa daga Amurka da Ingila da Kanada, likitansa na kansa yana wurin, suka buɗe suka duba. Sun tarar da zuciya da ta ƙara girma saboda hawan jini na shekaru, da jijiyoyinta da suka tsuke ƙwarai. Gwajin da aka yi na neman guba bai nuna komai ba. Kafin sakamakon ya fito an riga an yi tarzoma a Legas da Abeokuta, an kashe gomman mutane, cikinsu har da 'yan Arewa masu neman abincinsu waɗanda ba su taɓa ganin kofin shayin ba.

Abin da ya fi damuna a labarin Abiola shi ne yadda shayin ya binne ainihin zaluncin. An kulle mai hawan jini shekara huɗu, aka riƙa hana shi ganin likitansa yadda ya kamata. Wannan laifi ne da ke da shaida, da masu aikata shi, da ranakun da aka aikata shi. Amma ba shi ake tunawa ba, kofin ake tunawa. Zargin da ba shi da tushe bai taimaki Abiola ba, waɗanda suka tsare shi ya taimaka, tun da ya kawar da ido daga tambayar da ba za su iya amsawa ba zuwa wadda likitoci suka riga suka amsa musu.

Mu bar manya mu koma ƙauye. A farkon 2010 yara ƙanana suka riƙa mutuwa a wasu garuruwan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara. Yaro ya fara amai, ya yi jijjiga, ya sandare, ya tafi. Gida ɗaya a yi biyu, a yi uku. Maganin zazzaɓin cizon sauro bai yi ba. Ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta Na-gari-na-kowa, wato MSF, da suka zo neman sanƙarau su ne suka lura da yawan ƙananan kaburbura, suka ɗebi jinin yara suka aika gwaji. Sakamakon ya nuna gubar dalma, da yawan da ya firgita masu gwajin. Farashin zinari ya tashi, mutane suka shiga haƙa, suna kwaso duwatsu su kawo gida, a daka a turmi, a niƙa a injin, a shanya a tsakar gidan da yara ke rarrafe. Dutsen yana ɗauke da dalma, ƙurar ta shiga ƙasa da abinci da hannun yaro da bakinsa. A Dareta da 'Yargalma, binciken da cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta yi ya nuna cewa yara 118 cikin 463 'yan ƙasa da shekara biyar sun mutu cikin shekara guda, wato ɗaya cikin huɗu. Jimillar waɗanda suka rasu a yankin ta haura 400.

A yi tunanin garin da ake binne yara haka, kowace uwa tana duban maƙwabciyarta. Duk sharuɗɗan da mai zargi ke bukata sun cika: mutuwa ce ta gaggawa, ta ƙi magani, ta zaɓi wasu gidaje ta tsallake wasu. Da a ce an tsaya a kan neman mayya, an kama tsohuwa an tsallakar da ita yara, an kore ta daga gari, da yaran sun ci gaba da mutuwa, domin makashin yana cikin turɓayar da suke wasa a kai, kuma iyayen da suka fi kowa son su ne suka shigo da shi ba da saninsu ba. Abin da ya tsayar da mutuwar kwalbar jini ce da aka aika gwaji, sai fitar da niƙan dutse daga gidaje, da kankare ƙasar tsakar gida a zuba sabuwa, da maganin da ke wanke dalma daga jiki. Garin Bagega sai 2013 aka share shi, bayan jan ƙafar gwamnati, wanda shi ma laifi ne mai suna da adireshi.

Irin wannan yana da yawa, sai dai a taɓa kaɗan. Iyali su kwanta lafiya a wayi gari babu mai motsi, a ce tuwon dare ne, a kama mai girki in ta tsira, alhali janareto ne aka shigar cikin falo gudun ɓarayi, ko kaskon gawayi aka rufe ɗaki da shi saboda sanyin hunturu. Iskar da ke fita daga cikinsu ba ta da wari ba ta da launi, tana kama jini fiye da iskar numfashi sau ɗari biyu da ɗoriya, mai barci kuma ba ya farkawa. Mace ta haihu huɗu ta binne huɗu, a ce wabi ne ko kishiya ce, alhali ita da mijin kowa yana ɗauke da ƙwayar sikila, cutar da ake haifar jarirai kimanin 150,000 da ita duk shekara a Najeriya. Mai ciki ta kumbura, ta yi ciwon kai, ta faɗi tana jijjiga, a ce jifa ne, a yi ta hayaƙi da tofi har ta cika, alhali jininta ne ya hau, kuma akwai allurar da ke tsayar da jijjigar. A ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009 yara 84 suka mutu da ciwon ƙoda a Najeriya bayan an ba su maganin haƙori mai suna My Pikin, wanda aka haɗa da wani sinadari mai guba. Wannan kam akwai hannun mutum a ciki. Amma hannun yana masana'anta, kuma masu gwaji ne suka gano shi, kotu ta hukunta.

Ga hasarar farko da zargi marar tushe ke jawowa. Hawan jini da ciwon siga da sikila da wasu cututtukan zuciya suna bin dangi. Mutuwar uba yana ɗan shekara hamsin gargaɗi ne ga 'ya'yansa da ƙannensa su je a auna su. In aka ce sammu ne, an yaga gargaɗin. Bayan shekara biyar ƙanen ya faɗi kamar yadda wan ya faɗi, sai a ce ai ga shi nan, wanda ya yi na farko ne ya dawo ya ƙarasa.

Hasara ta biyu kuwa mai rai ce, tana cikin gida. Mace tana takaba, wata huɗu da kwana goma, ta rasa miji, ta rasa mai ci da ita, sannan ta lura dangin mijin sun daina cin abincinta. Ba wanda ya tuhume ta a fili da za ta kare kanta, ba wanda ya wanke ta. 'Ya'yanta su tashi ana nuna su da baki. In ta gama takaba manema su ji labari su janye. 'Yan'uba su daina gaisawa, rabon gado ya koma yaƙi, jikoki su gaji gabar da ba su san mafarinta ba. Wani lokaci kuma abin ba ya tsayawa a raɗa. A 2023, a wani ƙauye na ƙaramar hukumar Wudil, wasu maza suka iske wata dattijuwa mai shekara 67 a gonarta suka kashe ta, saboda matar ɗayansu da ke jinya ta yi mafarki da ita. A Fabrairun 2025 babbar kotun jihar Kano ta yanke wa biyar daga cikinsu hukuncin kisa. A ƙirga gidajen da mafarki ɗaya ya rushe. Dokar Final Kod da ake aiki da ita a Arewa ta daɗe da mayar da jifan mutum da maita laifi, amma sau nawa aka ji wadda aka yi wa ƙazafin ta samu wanda zai raka ta kotu?

Na san amsar da za a ba ni, kuma ita ce mafi nauyi: sihiri gaskiya ne, kambun baka gaskiya ne, addini ya tabbatar da su, likita kuma ba ya ganinsu a na'urarsa. Ban musanta abin da addini ya tabbatar ba. Sai dai kasancewar abu yana aukuwa a duniya daban ne da cewa shi ne ya auku ga Malam wane ranar Talata, kuma wance ce ta yi. Sata ma gaskiya ce, amma alƙali ba ya yanke hannu don an yarda akwai ɓarayi a gari. Addinin da ya gaya mana akwai sihiri shi ne ya hana mu yawan zato a Suratul Hujurati, shi ne ya ɗora wa mai da'awa kawo hujja, shi ne kuma ya yi gargaɗi mai tsanani a kan gaskata boka da mai duba. To, waye yake faɗin sunan wanda ya yi sammun in ba su ba? Kuma a lura da wanda suke ambata: kishiya, facala, ɗan'uba, maƙwabci, wato wanda mai tambaya ya riga ya zo da shi a zuciyarsa.

In kuma aka ce sammu yakan shigo ne ta hanyar cuta, don haka ko likita ya ga hawan jini ai turo shi aka yi, to an ƙirƙiro tuhumar da babu abin da zai iya wanke mutum daga gare ta. Irin wannan tuhuma kowa za a iya rataya wa, har mai yin ta, ranar da wani zai mutu bayan ya ci abinci a gidansa.

Magabata ba haka suka yi ba. A Khaibar, shekara ta 7 bayan hijira, an kawo wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, naman da aka sa wa guba, sahabi Bishru ɗan Bara'u ya ci ya rasu. An kira matar da ta kawo naman, aka tambaye ta, ta amsa da bakinta. Ga naman, ga wanda ya ci, ga iƙirari. Malaman mazhabar Malikiyya, waɗanda littattafansu muke karantawa a zaurukanmu, sun yi babi guda a kan mamacin da ake zargin kashe shi aka yi babu cikakkun shaidu. Ba su bar dangi su nuna wanda suka ga dama ba. Sai an samu lausu, wato alama mai ƙarfi, kamar adali guda da ya ga kisan, ko mamacin ya ambaci wanda ya raunata shi kafin ya cika. Bayan wannan ma sai magada sun tsaya gaban alƙali sun yi rantsuwa hamsin, wadda ake kira ƙasama. Mai cewa "ai kowa ya san ita ce" ya tambayi kansa ko zai iya yin ko guda ɗaya daga cikin hamsin ɗin.

Akwai wani abu da muke yi wanda ya kamata mu dube shi da idon basira. Muna gaggauta binne mamaci, kuma sunna ce mai kyau. In likita ko ɗan sanda ya ce a dakata a bincika, sai mu ce a'a, mun bar wa Allah, kada a wulaƙanta gawa. Amma ba mu bar wa Allah ba. Mun hana binciken da zai ɗauki kwana ɗaya, muka buɗe shari'ar tsakar gida da za ta shekara talatin ba a rufe ba. Mun kare alfarmar mamaci daga wuƙar likita, muka miƙa mutuncin rayayye ga harshen jama'a, alhali dukansu biyu Allah ya haramta taɓa su ba da haƙƙi ba. Malamai kuwa sun riga sun yi magana: Majalisar Manyan Malaman Saudiyya ta yi fatawa a 1976 cewa binciken gawa ya halatta don tabbatar da tuhumar kisa ko gano annoba, Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta bi sahu a 1987. Ba kowane bincike ne ma yake bukatar a tsaga jiki ba. Ɗan jini, fitsari, ragowar abincin, kwalin maganin da yake sha, duba ɗakin da ya kwana, sau da yawa sun isa su nuna hanya. Amma lokaci ba ya jira. Yasir Arafat ya rasu a wani asibitin soja kusa da Faris a Nuwambar 2004 ba a binciki gawarsa ba. Da aka tono shi a 2012, masanan Suwizalan suka ce akwai alamar guba gwargwado, na Faransa da na Rasha suka ce babu, aka tashi ba a daidaita ba.

Ko inda aka riga aka binne, tambaya cikin natsuwa ta fi raɗa amfani. A Afrilun 2020 masu haƙar kabari a Kano suka fara cewa aikinsu ya ninka. Dattawa suka riƙa tafiya a jere, cikinsu har da Farfesa Ibrahim Ayagi, sai Sarkin Rano a farkon Mayu. Aka rasa sunan da za a ba abin. Da tawagar gwamnatin tarayya ta bi gida-gida tana tambayar iyalai yadda ciwon ya fara da yadda ya ƙare, ministan lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya bayyana a watan Yuni cewa an ƙirga mutuwa 979 a ƙananan hukumomi takwas na birni, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari suna da alaƙa da korona, sauran kuwa da yawa masu tsofaffin cututtuka ne da suka rasa asibitin da zai karɓe su. Ba amsa ce cikakkiya ba, amma amsa ce da za a iya aiki da ita. A ƙasar da kusan mutuwa ɗaya cikin goma kaɗai ake yi wa rajista, kowane gurbin da takarda ta bari jita-jita ce ke cike shi.

Ga masu tsoron kada wannan magana tawa ta zama mafakar azzalumai, ina ce musu akasin haka ne. Mai kisan gaske ba ya tsoron raɗa, ya san za ta yi kwana arba'in ta koma kan wani. Abin da yake tsoro shi ne a hana wanke kwanon, a kai jini gwaji, a karɓi wayarsa a duba. A batun wata yarinya 'yar shekara biyar da mai makarantarsu ya sace a Kano a Disambar 2021 ya ba ta maganin ɓera, jami'an tsaro ne suka kama shi lokacin da ya zo karɓar kuɗin fansa, ya amsa laifinsa, ya nuna inda ya binne ta, kotu ta yanke masa hukuncin kisa a Yulin 2022. Garin da ke kiran kowace mutuwa kisa, ranar da aka yi kisan gaske babu mai ɗaukar kukansa da muhimmanci.

Don haka roƙona ga iyayenmu masu faɗa a ji a gidan rasuwa, da limamanmu da masu unguwanninmu: in an ga abin da ya tayar da hankali, a faɗe shi a fili tun gawa tana gida, a ajiye ragowar abinci da magani, a kira likita, a sanar da hukuma, a jure jinkirin yini guda. In kuwa an zaɓi a binne ba bincike, to a binne zargin tare da shi, kada a bari a ambaci sunan kowa a zaman makoki, kuma wanda ya fara a tsawata masa a gaban mutane. Matar da ke takaba a ci abincinta. 'Ya'yan mamacin da ƙannensa kuma, kafin sadakar arba'in, a kai su a auna musu jini da siga.